Na Miƙa Wa Allah Raina da Dukiyata, Yanzu Me Ya Hau Kaina?

Tambaya: Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni manomi ne, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Bara a taron farkawa na fita gaba, na durƙusa na ce, "Ubangiji, na ba ka raina da duk abin da na mallaka." Bayan wata biyu maiɗakina ta kwanta ciwo mai tsanani. A asibiti na yi wa'adi cewa in ta tashi zan ba Allah gonar fadama da jan sa, ɗaya daga cikin shanun huɗata. Ta tashi. Amma gonar ta gado ce, mu biyar ne, ba a raba ba. Ita ba ta san na yi wa'adin ba, ga kuma bashin taki a kaina. Wasu sun ce sai na sayar da komai na tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, in ba haka ba ciwon zai dawo. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya ƙara wa uwargida lafiya. Magana biyu ka yi a gaban Allah, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Haɗa su wuri guda ne ya hana ka barci. Ta farko, wadda ka yi a taron farkawa, miƙa kai ce. Ta biyu, ta asibiti, wa'adi ne a kan abubuwa biyu da ka kira da sunansu. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Miƙa kai bai ba Allah wani abin da ba nasa ba. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne, kuma Dawuda, ranar da aka tara kayan ginin Haikali, ya ce daga hannun Allah suka karɓa suka mayar masa (1 Tarihi 29:14). Abin da ya sauya ranar da ka durƙusa shi ne matsayinka: da kana ganin kai ne mai gona, yanzu ka yarda riƙon amana kake yi. Ka san yadda ake ba mutum kiwo. Shanun suna hannunsa, yana shan nono, yana samun taki a gonarsa, amma ba ya kai su kara sai mai su ya ce, kuma duk ranar da aka tambaye shi lissafi dole ya bayar. Haka gonarka, babur ɗinka da rumbunka suka koma.

Masu cewa ka sayar da komai suna dogara da mai arzikin nan da Yesu ya ce ya sayar da mallakarsa ya bi shi (Markus 10:21). Ga wannan mutum aka faɗa, domin dukiyarsa ce ta tsaya tsakaninsa da Allah. Babban mai karɓar haraji na Yariko rabi ya bayar, ya mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu, Yesu kuwa ya ce ceto ya shigo gidan nan (Luka 19:8-9). Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni da son ransa. Ka kuma duba abin da Bitrus ya ce wa Hananiya a Ayyukan Manzanni 5:4: kafin a sayar gonarsa ce, bayan an sayar ma kuɗin na hannunsa. Ba a tilasta masa ba. Ƙarya ce ta kashe shi da matarsa Safiratu, sun riƙe wani kashi suka nuna kamar duka suka kawo. Saboda haka babu wanda yake da ikon ya ce addu'ar da ka yi a taron farkawa ta wajabta maka sayar da gida da gona.

Wa'adin asibiti kuwa bashi ne. Maimaitawar Shari'a 23:21-23 ta faɗa a fili: in ba ka yi wa'adi ba, ba ka da laifi, amma in ya fita daga bakinka kada ka yi jinkirin cikawa. Mai Hadishi, wanda wasu fassarori ke kira Mai Wa'azi, ya ce gara kada a yi da a yi a ƙi cikawa (5:4-5). Karin Magana 20:25 kuma ta kira shi tarko mutum ya ce "na keɓe" da gaggawa, sai daga baya ya fara tunani. Wannan tarkon ne ka faɗa, kamar yadda mutane da yawa ke faɗawa a bakin gadon mara lafiya. Akwai mafita, kuma tana cikin Littafin Firistoci sura 27, surar da ba a cika wa'azi a kanta ba. Mu ba ma ƙarƙashin dokar firistocin Isra'ila, amma a nan Allah ya nuna yadda ake warware wa'adin da ya yi wa mutum nauyi ba tare da an raina shi ba.

Batun san ya fi sauƙi, ko da yake zai fi maka ciwo a aljihu. Aya ta 9 da ta 10 sun ce dabbar da ta cancanci hadaya, in an keɓe ta, ba a musanya ta, ko mai kyau da mara kyau ko mara kyau da mai kyau; wanda ya musanya, duka biyun sun zama na Allah. Jan san ka ambata, shi za ka bayar. Kada ka nemo ɗan maraƙi ko tsohuwar saniya ka ce ai duk shanu ne. Malakai 1:8 ya tsawata wa masu kawo makauniya da gurguwa, ya ce su gwada kai wa gwamnansu su gani ko zai karɓa.

Matsalar ita ce shanun huɗa biyu suke tafiya, in ka cire ɗaya garma ta tsaya. In muna tsakiyar damina ne, ka je wurin dattawan ikilisiya yanzu, ka faɗa musu san na Ubangiji ne, ku sa ranar miƙawa a rubuce, misali makon da aka gama huɗar ƙarshe. Wannan ba jinkiri ba ne, tunda ka bayyana ka kuma ɗaure kanka da rana. Jinkiri shi ne ka yi shiru kana cewa "sai Allah ya hore." Daga ranar nan kiwonsa amana ne. In ya ƙara ƙiba, ƙarin na Allah ne. In ya mutu don sakacinka, ka biya kwatankwacinsa. Ikilisiyoyi da yawa ba su da wurin ajiye sa, don haka galibi sayarwa ake yi. A kai shi kara da rana, kai da dattijo ɗaya da ma'aji, a sallama a gabansu, a cire la'adar dillali da kuɗin mota kaɗai, sauran ya shiga asusun ikilisiya ka karɓi rasit. Kada ka yi masa kuɗi kai kaɗai a gida ka riƙe san. Mai saye da mai sayarwa in suka zama mutum ɗaya, farashi ba ya taɓa zama na gaskiya.

Gonar ce ke bukatar natsuwa. Ba a ba Allah abin wani. Gonar da mutum biyar suka gada ba a raba ba, ba ka da ko kunya ɗaya da za ka nuna ka ce taka ce kai kaɗai. Abin da kake da shi kaso ne. Wa'adinka ya kama kasonka, bai kama na 'yan'uwanka ba, kuma ikilisiyar da ta san abin da take yi ba za ta karɓa ba ko ka kawo. Irin wannan kyauta ita ce ke komawa shari'a bayan shekara goma ko ashirin: mai bayarwa ya rasu, an riga an zuba tubali, sai 'ya'yan ƙanensa su fito su ce ubansu bai sa hannu ba. Sunan Almasihu ake ja a ƙasa a gaban dagaci da alƙali, zumunci kuma ya lalace.

Hanya uku gare ka.

Ta farko, a raba gadon. Ka tara 'yan'uwanka, har da mata, da dattawan dangi da mai unguwa, a auna, a kafa iyaka, sannan ka ba da naka. Sai dai ka duba ko yankin da zai faɗo maka yana da hanyar shiga da ta ruwa. A fadama, fili mara hanyar ruwa kyauta ce da ba za ta amfani kowa ba.

Ta biyu, fansa. Firistoci 27:19 ya yarda wanda ya keɓe gona ya fanshe ta, ya biya ƙimarta ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Mu ɗauka masu sanin farashin gona a garinku, mutum biyu ko uku da ba danginka ba, sun ce gonar duka ta kai naira miliyan biyu, kuma al'adarku ta raba daidai. Kasonka 400,000 ne. Ɗaya cikin biyar ɗinsa 80,000. Za ka biya 480,000, gonar ta zauna a gidanku. Ƙarin nan hikima ce, domin kada wa'adi ya zama abin wasa, a bayar da safe a karɓe da yamma. In ba za ka iya biya lokaci ɗaya ba, a raba maka shi a kan kaka uku ko huɗu. Aya ta 8 ma ta ce matalaucin da bai iya biyan ƙimar wa'adinsa ba, firist ya yanka masa daidai ƙarfinsa, kuma Bulus ya ce Allah na karɓa gwargwadon abin da mutum ke da shi (2 Korantiyawa 8:12). Amma lura, wani ne ke yanka maka, ba kai ba.

Ta uku, ka ba da amfanin kason maimakon ƙasar. A Isra'ila ma ba ƙasar ake yi wa kuɗi ba, ana duba yawan irin da take ci da yawan shekarun da suka rage kafin shekara ta hamsin, shekarar da gonaki ke komawa ga masu su (aya 16 zuwa 18). Wato girbi ake ƙirgawa. Kuna iya yarjejeniya cewa duk abin da kasonka ya fitar, shinkafa ko tumatir ko albasa, bayan an cire kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, na aikin Allah ne har shekara kaza. A ganina wannan ta fi dacewa da mai 'ya'ya huɗu da bashi, in dattawa sun yarda, sai dai ita ce kuma ta fi saurin shiririta. Shekara ta farko ana cikawa, ta biyu ambaliya ta zo, ta uku an manta. In ita za ku bi, a rubuta yawan shekarun, da abin da za a yi a shekarar da gona ta ƙi.

In ƙasar kanta za a miƙa, baki ba ya isa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wakafi da ƙa'idodinsa, mu kuwa sau da yawa "na ba coci" kawai muke cewa a gaban jama'a, a tafa, a watse. A yi takarda mai ɗauke da iyakoki huɗu da sunayen maƙwabtan gona, da sa hannunka, na 'yan'uwanka, na uwargida, da shaidar mai unguwa ko dagaci. A rubuta ta da sunan amintattun ɗarikarku masu rajista, kada a sa sunan fasto ko wani dattijo, domin ana sauya wa fasto wurin aiki, yana kuma mutuwa, 'ya'yansa na iya ɗauka gadonsu ne. A Najeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sauya hannun fili yana bukatar yardar hukuma: gwamna in filin mai takardar mallaka ta jiha ne, ƙaramar hukuma in na gargajiya ne a karkara. Ofishin gundumar ikilisiyarku ya san lauyan da ke yi musu wannan. In kana da sharaɗi, misali a gina makaranta kada a sayar, ka sa shi cikin takardar. Abin da ba a rubuta ba, da zarar ka bayar bakinka ya fita daga ciki.

Ka faɗa wa uwargida kafin ka je wurin dattawa, kada ta ji a bakin matan zumunta. San nan shi ke huɗar abincin da take dafawa, kuma saboda ita aka yi wa'adin. Ka kuma sani "duk abin da na mallaka" bai haɗa da awakinta, kajinta, kayan ɗakinta da adashenta ba. Nata ne, ita za ta miƙa in ta so.

Bashin taki fa? Buhunan da mai taki ke bin ka nasa ne, suna rumbunka ne kawai. Ka biya shi a kan lokacin da kuka yi. Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Ya kuma la'anci dabarar da ake kira Korban, inda mutum zai ce wa iyayensa abin da zai taimake su da shi ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya wanke hannu (Markus 7:11-13). Bulus ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi mara bangaskiya muni (1 Timoti 5:8). Kuɗin makarantar yara, maganin tsohuwa da haƙƙin ɗan ƙwadago duk suna cikin amanar da ka ɗauka.

Game da cewa ciwon zai dawo: ba da sa da gona ka sayi lafiyarta ba. Mai sihirin nan na Samariya da ya miƙa kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Duk mai tsoratar da kai da mutuwar matarka, ka tambaye shi ina yake so kuɗin su shiga. In lambar asusunsa ya ba ka, ka gane.

Abin da ya rage shi ne yadda miƙa kai ke tafiya shekara da shekara, kuma a nan yawancin ikilisiyoyinmu zakka suke koyarwa. Kalmar ɗaya ce da ta Musulmi, amma tamu ba ta da nisabi, ɗaya cikin goma ne ko kaɗan ko da yawa. Malaman Kirista sun bambanta a kan ko doka ce a Sabon Alkawari. Abin da ba a gardama a kai shi ne 1 Korantiyawa 16:2 da 2 Korantiyawa 9:7: a kai a kai, gwargwadon samu, da niyyar zuciya, ba da tilas ba. Ushiri ma'auni ne mai kyau na farawa.

Ga lissafin. Ka sami masara buhu 32, buhu mai tiya 40. In daga jimla za ka fitar, buhu 3 ne da tiya 8. In buhu 7 na mai taki ne, saura 25, zakkarsu buhu biyu da rabi. Masu fitarwa daga jimla suna dogara da Firistoci 27:30, wadda ta ambaci amfanin ƙasa ba ta ce a cire komai ba. Ni na fi karkata ga cewa abin bashi ba samunka ba ne. Kowacce ka zaɓa ka tsaya a kai, kada shekarar albarka ka bi mai sauƙi, shekarar da kake neman wani abu wurin Allah ka bi mai yawa. Ga mai kasuwanci kuwa babu shakka daga riba ake fitarwa. Matar da ta sari kaya na 200,000, ta sayar 260,000, ta kashe 10,000 a mota da dako, ribarta 50,000 ce, zakkarta 5,000. In ta fitar da 26,000 ta ba da fiye da rabin ribarta, in kuma kasuwa ta yi sanyi jarin take yanka, kafin a jima ba ta da abin da za ta kawo.

Ka ware tun a masussuka, ranar awo, ka sa wa buhunan alama. Wanda ya ce sai daga baya, ƙasan rumbu yake kawowa, mai ƙwari da tsakuwa. Ka tabbata hatsin ya bushe sosai, domin ɗanyar masara a ɗakin ajiyar coci takan yi fumfuna ta ɓata ta sauran jama'a. Dabbobi kuwa, Firistoci 27:32-33 ya ce ana ƙirga su suna wucewa ƙarƙashin sanda, na goma na Allah ne, ba a duba mai kyau ne ko mara kyau. Kai ma kana da haƙƙi a kan masu karɓa: mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta rahoto a gaban jama'a. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da aka zaɓi waɗanda za su raka shi (2 Korantiyawa 8:19-21).

Saura batun rai da makarantar Littafi Mai Tsarki. Romawa 12:1 hadaya mai rai ta ce, wato wadda ke tashi da safe ta tafi aiki. Mutum uku na farko na mishan ɗin da ya haifi ɗarikar ECWA sun sauka Legas a ƙarshen 1893. Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent a Bida, duk a 1894. Rowland Bingham ya rayu har 1942 yana aikin. Duka ukun sun miƙa rai, Allah ne ya zaɓi yadda zai yi amfani da na kowa. Na mutane da yawa a gona ake amfani da shi: mudun da ba a danne ba, iyakar da ba a ci ba, ɗan ƙwadagon da aka biya kafin rana ta faɗi. Masu bisharar da ke ƙauyuka ma da hatsin manoma irinka suke rayuwa.

In kuwa kana jin kira da gaske, ba kai kaɗai za ka tabbatar ba. Ko Bulus da Barnaba ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu ta aike su (Ayyukan Manzanni 13:1-3). Ka nemi dattawa su ba ka aiki na shekara ɗaya ko biyu: koyar da makarantar Lahadi, fita da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, ziyarar marasa lafiya. A nan za a gani ko kana iya koyarwa, ko kana jure mutane. Makarantu irin na Kagoro, Jos, Bukuru, Gindiri da Kwarhi galibi suna neman takardar shaida daga ikilisiyar mutum kafin su ɗauke shi, kuma karatun shekaru ne, ba watanni ba, ba kuma albashi. Yesu ya ce mai gina hasumiya ya zauna tukuna ya yi lissafi (Luka 14:28). Naka lissafin shi ne: uwargida ta yarda da zuciya ɗaya, an gama da mai taki, an cika wa'adin sa da gona, an san wanda zai noma gonar tudu a shekarun da ba ka nan, an kuma san inda kuɗin makarantar yara huɗu zai fito. In ka sayar da gonakin yau don kuɗin zango na farko, a shekara ta biyu ba ka da abin da za ka ci, balle na biyan zango na uku.